Baƙin tiyo da mahaɗin Koolance QD3 a zafin Kano da ƙurarta

Duk wanda ya leƙa cikin kwamfutata sai ya tambaye ni me ya sa na kashe kuɗin sanyaya ta da ruwa amma na sa mata baƙin tiyo marar sheƙi, babu ruwa mai launi, babu miƙaƙƙen bututu irin wanda ake nunawa a YouTube. Kuɗin adon ne na kai kan wasu ƙarafa huɗu da ke bayan akwatin, inda ido ba ya kaiwa. Su ne mahaɗan ɓallewa, waɗanda 'yan harkar ke kira QDC: namiji da mace, kowanne da bawul a cikinsa, idan ka raba su ruwa ya tsaya cak ta kowane ɓangare, idan ka mayar ya ci gaba da gudu. Nawa na kamfanin Koolance ne da ke jihar Washington a Amurka, samfurin QD3. Tiyon kuwa ZMT ne na kamfanin EK na ƙasar Silobeniya. Ra'ayina a kansu shi ne, ga mai aiki da kwamfuta a gari irin namu, waɗannan biyun sun fi duk wani kayan ƙawa amfani, amma kowannensu yana da halin da ya kamata mutum ya sani kafin ya tura dalarsa.

Sana'ata tace bidiyo ce: biki, tallan 'yan kasuwa, wani lokaci taron makaranta. Injin da nake aiki da shi yana ɗauke da furosesa Ryzen 9 5950X da katin hoto RTX 3090, katin da shi kaɗai yake cin wat 350. Idan na sa ta fitar da dogon bidiyo, zafin da su biyun ke zubawa a cikin ruwa yana kusantar wat 500. Lagireton ba a cikin akwati yake ba. MO-RA3 420 ne na kamfanin Watercool na Jamus, wani ƙaton murabba'i mai ɗaukar fanka tara masu milimita 140, yana zaune a ƙasa gefen tebur, famfo D5 ɗaya ke tura masa ruwa. Tiyo biyu ne suka haɗa shi da kwamfutar, kuma a nan duk maganar take.

Abu biyu ne suka bambanta mu da Bajamushen da ya ƙera kayan nan. Na farko, lagireto ba firji ba ne. Iskar ɗaki yake amfani da ita, don haka ruwa ba zai taɓa yin sanyin da ya fi na ɗakin ba, kullum sai dai ya ɗara shi. A watan Afrilu Kano takan taɓa digiri 40, kuma ba kowace rana ce ake samun wutar kunna AC ba. Na biyu ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana shiga ko ka rufe taga, ya cika haƙoran lagireto har ka ga sun yi fari. Dole a fitar da shi tsakar gida a hure shi da buluwa, kuma ba sau ɗaya ba kafin hunturu ya wuce. Wanda bai sa mahaɗin ɓallewa ba, ko dai ya zubar da ruwan gaba ɗaya duk lokacin da zai yi wannan, ko ya nemi mutum biyu su kinkimi kwamfuta da lagireto tare kamar masu kai kayan amarya, tiyo na reto a tsakani.

Maganar bututu mai tauri ba za ta ɗauke ni lokaci ba. Iri biyu aka fi sani, PETG da akirilik, ana gasa su da na'urar hura zafi a lanƙwasa. Suna da kyau, ban musa ba. Amma PETG yana saurin laushi, har wasu masu sayar da shi suna gargaɗin kada ruwa ya wuce digiri 40, alhali a akwati mai lagireto a ciki ba abin mamaki ba ne ruwa ya ɗara iskar ɗaki da digiri goma. Yi lissafin da kanka a ranar bazara. Idan bakin bututun ya yi laushi ya motse, zoben robar da ke riƙe da shi ya saki, ruwa a kan katin hoto zai sauka. Akirilik ya fi jure zafi amma yana tsagewa idan aka matsa masa. Sannan mahaɗin ɓallewa yana son a ja shi, a tura shi da ƙarfi, bututu mai tauri kuwa ba ya son motsi ko kaɗan. Ba sa zama inuwa ɗaya.

Saura tiyo mai laushi, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗuwa, domin mai haske ya fi jan ido kuma ya fi araha. Tiyo mai haske PVC ne. PVC a asalinsa tauri gare shi, irin fayif ɗin ruwan gida, sai an cakuɗa shi da wani sinadari mai sa laushi. Sinadarin nan ba ya zama daram. Ruwan ɗumi yana fitar da shi sannu a hankali, tiyon ya dushe ya koma ruwan ƙwai, wani farin dafi-dafi ya taru a cikin siraran haƙoran bulok ɗin furosesa, wato ƙarfen da ke zaune a kanta ruwa na ratsa shi yana kwashe zafi, inda ramukan ba su kai faɗin milimita ɗaya ba. Zafi yana gaggauta wannan, mu kuwa zafi muke da shi a wadace. Akwai masu inganci irin su PrimoFlex Advanced LRT na PrimoChill da DuraClear na EK, waɗanda suka fi na da daɗewa kafin su dushe, amma har su ana ɗaukarsu a matsayin abin da za a canza ne bayan wani lokaci. Ga kuma haske da ke shiga ya taimaki gansakuka idan maganin ruwan ya yi rauni.

Wani abokina mai gyaran kwamfuta ya taɓa ba ni shawarar in je wurin masu kayan gini in yanko tiyon lebur da magina ke auna daidaiton gini da shi, tunda ga shi nan mai haske, mita nawa kake so. Na gode masa. Tiyon lebur fatarsa siririya ce, yana karyewa a ƙaramar kwana, ba a yi shi don ruwan ɗumi ba, kuma awonsa ba ya dacewa da notin mahaɗan da ake yi wa kwamfuta. Arha ba ta ado.

ZMT robar EPDM ce, irin robar da ake yin tiyon lagireton mota da ita. Ba ta dushewa tunda baƙa ce tun asali, haske ba ya ratsa ta, kuma ba ta fitar da dafin nan irin na PVC. Abin da ya fi burge ni shi ne ruwa ba ya tsere mata. Mutane da yawa ba su san ruwa yana ƙafewa ta jikin tiyo ba ko da babu yoyo: a hankali tururi ke ratsa fatar PVC, na silikon ma ya fi muni, sai ka ga tanki na raguwa ka rasa dalili. Tun da na koma EPDM sai in manta rabon da in ƙara wa tankina ruwa. Zafin da ruwan kwamfuta zai iya kaiwa kuwa wasa ne a wurinta. Famfon D5 ne zai fara kuka, shi da iyakarsa digiri 60, kafin robar ta san ana yi.

Aibinta uku na gani. Sabuwa tana wari, warin sabuwar taya, kuma cikinta akwai ɗan datti na masana'anta, sai an ɗauraye ta da ruwan ɗumi sosai kafin a ɗaura. Na biyu, ba ka ganin abin da ke gudana a ciki. Idan kumfar iska ta maƙale a wani wuri, da kunne za ka gane, ko ta tanki. Na uku, ɗaure noti a kanta aiki ne na mai ƙarfin yatsa. Robar tana kama ƙarfe, notin ya cije tun bai kai ƙarshe ba, yatsunka su yi ja. Abin da ke taimakawa shi ne a jiƙa bayan tiyon da ruwa kafin a murɗa. Kada a kawo filaya, za ta kankare fentin notin kuma ta sa mutum ya wuce iyaka. Jikinta ma yana kama ƙura, ƙyalle mai laima ke goge ta.

Ba EK kaɗai ke yin irinta ba. Watercool da Alphacool suna da nasu tiyon EPDM, akwai kuma Tygon A-60-G na Saint-Gobain, wanda tun kafin 'yan kwamfuta su gano shi masana'antu ke amfani da shi. Duk wanda ka samu a cikinsu da awon da ya dace, ɗauki.

Awo shi ne inda oda ke lalacewa. Lambobi biyu ake rubutawa, faɗin ciki da faɗin waje a milimita: 10/13, 10/16, 12/16, 13/19. Amurkawa da inci suke faɗa, 10/16 shi ne 3/8 da 5/8 a wurinsu, shi ya sa a kwalin ZMT za ka ga an rubuta 15.9 da 9.5 maimakon 16 da 10. Mahaɗi mai noti dole ya dace da lambobin biyu. Hancinsa yana shiga cikin tiyon, notin ya matse bayansa. Idan ka sayi mahaɗin 10/13 ka kawo tiyon 10/16, hanci zai shiga, noti ba zai rufe ba. Idan ka juya, noti zai rufe amma bai matse komai ba, wannan ya fi haɗari domin ido zai ga kamar an gama. Sannan mahaɗin bututu mai tauri na milimita 16 wani abu ne daban, ko da lambar ta yi kama.

Na zaɓi 10/16 saboda kaurin fatarsa milimita 3 ne. 10/13 rabin haka gare shi, da ka lanƙwasa shi a ƙaramar kwana sai ya karye ya toshe hanya, kuma ruwan ɗumi yana ƙara masa laushi. 13/19 kaurinsa ɗaya da 10/16, amma ƙato ne, notinsa ma ƙato, a kan wasu bulok ɗin furosesa noti biyu sukan gogi juna. Faɗin cikin nasa kuma ba ya ƙara wani abin kirki, domin ba tiyo ne ke riƙe ruwa ba, haƙoran bulok ne. Ga tiyon da zai bi ƙasa daga tebur zuwa lagireto, ƙafar kujera na iya taka shi, 10/16 ne daidai.

Ramin da mahaɗi ke shiga a bulok, lagireto, famfo da tanki kusan duk iri ɗaya ne, G1/4, tiredin Ingila miƙaƙƙe mai zare 19 a kowane inci, faɗinsa ya ɗan wuce milimita 13. Ba tiredin ke hana yoyo ba, zoben robar da ke gindin mahaɗin ne. Don haka farin tef ɗin masu gyaran famfo ba shi da aiki a nan, zai ma iya hana zoben zama. Da hannu ake ɗaurewa, idan zoben ya kwanta a dakata. Murfin bulok da yawa akirilik ne, ƙarin rabin murɗi na iya tsaga shi.

To, QD3 ɗin kansa. Da ka ɗauke shi za ka ji nauyi, tagulla ce da aka lulluɓe da nikel. Haɗawa turawa ce kawai har ka ji ƙas. Rabawa kuwa sai ka ja zoben da ke jikin macen baya, sifirin ya turo namijin waje. Hannu biyu yake so, kuma yana da ɗan tauri, musamman yana sabo. Abin da ya sa ake biyan kuɗinsa shi ne yadda fuskokin biyu ke rufewa kafin su rabu. Abin da nake gani duk lokacin da na ɓalle shi laima ce a fuskar ƙarfen, wani lokaci ɗigo guda, tishu ya share. Iskar da ke shiga idan an mayar ma kaɗan ce ƙwarai, 'yar kumfa ta zagaya ta faɗa tanki, shi ke nan. Na sha raba shi a saman kafet ban sa komai a ƙasa ba.

Koolance suna yin sa kala-kala: mai noti na tiyo kai tsaye, mai tiredin G1/4, mai ɗaurewa a jikin akwati, baƙi da mai launin azurfa. Na ɗauki mai notin 10/16 kai tsaye, saboda duk ƙarin mahaɗi ƙarin zoben roba ne, ƙarin zobe kuma ƙarin wurin yoyo ne. Akwai ƙanensa QD2 da yayansa QD4. Ba sa shiga juna, namijin QD3 macen QD3 kaɗai yake aure, balle na wani kamfani. QD4 ya fi buɗaɗɗiyar hanya amma ya fi girma da tsada, ban ga abin da zai yi mini a tiyon milimita 10 ba.

Yadda aka jera su ya fi sunan kamfani muhimmanci, kuma ban cika ganin ana bayyana shi ba. Tiyo biyu ke fitowa daga bayan kwamfutata ta wani faranti da ke zaune a gurbin katin PCI. A kan mai fitar da ruwa na sa namiji, a kan mai dawo da shi na sa mace. Ɓangaren lagireto kuma akasin haka. Amfanin farko, ba yadda za a yi in juya su ko da a duhu nake haɗawa, kuma bulok da yawa suna da ƙofar shiga da ta fita da ba a so a sauya. Amfani na biyu, idan na cire lagireto sai in haɗa wutsiyoyin kwamfutar biyu da juna, ruwa ya samu hanyar zagayawa. Haka nake yi idan ina korar iska bayan canjin ruwa, ko zan kunna ta na ɗan lokaci in kwafi fayil. Ba a yin aiki mai nauyi a haka, babu abin da ke fitar da zafin. Su ma wutsiyoyin lagireton ina haɗa su da juna kafin in fita da shi waje, sai fuskokin bawul su ɓuya daga ƙurar da buluwa za ta tayar. Wannan kaɗai ya isa dalili. Ƙwayar yashi ɗaya a kan zoben roba ta isa ta sa mahaɗi mai tsada ya fara ɗiga. Don haka ka bar wa kowane ɓangare tiyo mai ɗan tsawo da zai iya lanƙwasowa ya sadu da ɗan'uwansa, kada ka ɗaure mahaɗan biyu ƙam a jikin akwati.

A kashe famfo kafin a raba. Bawul zai rufe ko famfo na gudu, amma sai ya zama yana tura ruwa a bango, ga furosesa na ɗumama ruwan da ba ya motsi. Sannan idan ka fitar da lagireto cike da ruwa a rufe ta ko'ina, kada ka bar shi a rana ka tafi cin abinci. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, ba shi da wurin zuwa, matsin ya taru a ciki, mayar da mahaɗin ya zama kokawa, zoben roba kuma ya sha wahalar da ba dole ba. A inuwa ake hure shi, a dawo da shi.

Zargin da aka fi yi wa mahaɗan ɓallewa shi ne suna rage gudun ruwa. Gaskiya ne, ruwa yana zagaye bawul da sifirin, dole ya ragu. Tambayar ita ce ko ragin ya kai a damu. Lita ɗaya ta ruwa tana shan kusan jul 4,200 (jul ɗaya shi ne wat ɗaya na daƙiƙa ɗaya) kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. Idan ana zuba wat 500 a ruwan da ke gudun lita 150 a awa, bambancin zafi tsakanin mai shiga lagireto da mai fita bai kai digiri 3 ba. A lita 100 ya ɗan haura 4. A lita 60 kusan 7 ne. Amurkawan harkar sun daɗe suna cewa a nemi galan ɗaya a minti, wato lita 227 a awa, Jamusawa kuwa da yawansu suna cewa lita 60 ta wadatar. Ni na fi karkata ga Jamusawa, da ɗan ƙari saboda zafinmu. D5 a takarda yana iya tura lita 1,500 a awa idan babu abin da ya tare shi, yana kuma ɗaga ruwa kusan mita 4, don haka aure biyu na QD3 ba su gagare shi ba. Na ɗan ƙara masa gudu, ƙararsa ba ta kai ta fankar silin ba. Inda abin ke ɓaci shi ne mutum ya ji daɗinsu ya sa wa kowane abu nasa: furosesa aure biyu, katin hoto biyu, kowane lagireto biyu. A nan ragin ke taruwa, kuɗin ma ya taru, sai ka ji ana neman famfo na biyu.

Nauyinsa da tsawonsa su ne aibin da na fi ji. Namiji da mace idan sun haɗu sun fi tsawon yatsa, ba sa lanƙwasa, kuma idan ka rataye su a kan mahaɗi mai juyawa, nauyin yana jan sa gefe ɗaya, irin waɗannan mahaɗan kuwa ta wurin juyawar suke fara ɗiga. A cikin ƙaramin akwati samun wurin da hannu biyu za su shiga su ja zobe ma aiki ne. Nawa a waje suke, kwance a kan wani katako a bayan tebur. Sai kuɗi. Aure ɗaya da wuya ya zo maka ƙasa da dala 30, kafin kuɗin jirgi, kuma biyu kake buƙata. Da canjin yau, abin yana da zafi.

Kulawarsa kaɗan ce amma tana da doka. Idan ya fara tauri, ɗan man silikon ake shafa wa zoben. Ban da Vaseline, ban da giris ɗin mota, ban da man keken ɗinki: man da aka samo daga fetur yana kumbura robar EPDM, ya lalata zobe da tiyo duka. Ruwa kuma ya zama garau. Kulant, wato haɗaɗɗen ruwan sanyaya, masu kauri irin na madara, da masu ƙyalƙyali, ƙananan ƙwayoyi ne a cikinsu, suna kwanciya a inda ruwa ke juyawa, bawul kuwa wurin juyawa ne. Ranar da ka raba shi ya ƙi rufewa gaba ɗaya za ka tuna da wannan. Ni DP Ultra na Aqua Computer nake zubawa, marar launi. Wanda zai haɗa nasa da tataccen ruwa da maganin tsatsa, ya kula a kasuwa: ruwan batir iri biyu ne, akwai tatacce na ƙari, akwai mai asid, kuma ba kowane mai shago ne zai tsaya ya bambance maka ba. Kada kuma alminiyam ya shiga layin da ke da jan ƙarfe da tagulla, ruwa zai sa su ci juna, alminiyam ɗin ne zai narke.

Na taɓa wasu a hannu. Eiszapfen na Alphacool, kamfanin da ke Braunschweig, ƙarfe ne shi ma, mai ramin G1/4 ta kowane gefe, wato sai ka ƙara sayen mahaɗin tiyo ka ɗora, amma hakan na ba ka damar canza awon tiyo gobe ba tare da sayen sabo ba. Ga wanda odarsa daga Turai za ta taso, zaɓi ne mai ma'ana. CPC na jihar Minnesota su masu yi wa asibitoci da masana'antu ne, samfurinsu NS4 na roba ne mai maɓallin dannawa da babban yatsa, ba nauyi, hannu ɗaya ya isa, ba ruwansa da tsatsa. Ba shi da kyan gani, kuma yawanci hanci gare shi da ake ɗaure wa kilif maimakon noti. Da a ce zan haɗa wa wani ofis injin da ba mai kallonsa, shi zan sa.

Akwai kuma marasa suna da ke cike da shagunan intanet, kuɗin aure huɗu bai kai na QD3 ɗaya ba. Na sayi aure ɗaya don in yi magudanar zubar da ruwa da shi a ƙasan tanki. Na gwada shi a kan bokiti kafin ya kusanci kwamfuta: rabawar farko lafiya, daga baya bawul ɗin namijin ya maƙale a buɗe, ruwa ya yi ta tsiyaya har sai da na taɓa shi da tsinke. Wataƙila nawa ne aka yi rashin sa'a, amma abin da aikinsa kaɗai shi ne ya rufe, ba na ba shi dama ta biyu. Haka nan mahaɗin iskar kwamfuresa da ake samu wurin masu kayan fenti da faci. Yana kama da shi a ido, amma galibi gefe ɗaya ne ke rufewa, da yawansu baƙin ƙarfe ne mai tsatsa, tiredinsu kuma sau da yawa mai tsukewa ne, wanda zai fasa ramin bulok.

Kafin ruwa ya shiga, iska nake fara sawa. Akwai ɗan famfon hannu mai agogo da EK da Aqua Computer da wasunsu ke sayarwa, ana ɗaura shi a ramin G1/4 ɗaya, a hura kusan rabin bar a ma'aunin matsin iska, a zuba wa allurar ido na kwata ɗin awa. Idan ta sauka, akwai inda ke shaƙa. Mai mahaɗin ɓallewa gwaji biyu zai yi: ɗaya suna haɗe, ɗaya suna rabe, domin zoben da ke aiki idan suna haɗe daban yake da wanda ke rufe bawul idan sun rabu. Mutane kan yi na farko su manta na biyu, alhali don na biyun aka saye shi.

Kayan nan oda ake yi, daga Aquatuning a Jamus, ko AliExpress ga mai son kayan kamfanonin China Barrow da Bykski, waɗanda mahaɗansu masu noti na yau da kullum ba su da laifi kuma su na sa a cikin akwatin. Tunda hanya doguwa ce, mahaɗi ɗaya da ya gaza lissafi na iya ajiye maka aiki makonni. Zana layin a takarda, ƙirga ramuka, kowane abu rami biyu, ka ƙara mahaɗi biyu a kai, da 'yan zoben roba na ajiya. Kwalin ZMT mita 3 ne, ya ishi cikin akwati har da saura, amma mai lagireto a waje ya ɗauki biyu.

Wanda lagiretonsa duk a cikin akwati suke, kuma ba ya canza katin hoto sai bayan shekaru, ba ya buƙatar QD3. Ya sayi baƙin tiyo, ya sa bawul mai hannu a wuri mafi ƙasa a layin da murfi a bakinsa don zubar da ruwa, ya ajiye canjinsa. Ni ma da na zo kan katin hotona, na yi ta juya maganar ƙara masa aure biyu don in riƙa zare shi ba tare da zubar da ruwa ba, har na sa su a kwandon oda. Sai na tuna katin nan sai zan canza masa man zafi, wanda ake shafawa tsakaninsa da bulok, nake taɓa shi, lokacin kuma dama ruwan ya isa canji, na cire su na sayi tiyo na ajiya da kuɗin.